Ruwan Famfo a Kan Rufin Levke

Ƙofar ɗakin da muke taro a ƙasan coci ta daɗe tana cizon daɓe. Sai ka sa kafaɗa ka ɗaga ta kana turawa kafin ta yarda ta buɗe, kuma ni ke fama da ita duk ranar Alhamis, don makullin a hannuna yake. Ni ke zuwa da wuri in jera kujeru, in dafa gahawa, in zuba biskit a faranti. Sunana Gesche. A ɗakin nan iyakar abin da ake tambayar mutum ke nan; sunan gidanku da sana'arka ka bar su a waje tare da lemarka. Abin da ya tara mu ɗaya ne: dukkanmu giya ta taɓa kai mu ƙasa, kuma muna ƙoƙarin kada mu sha ta yau. Ta gobe ba ma ɗaukar alkawarinta.

Wata Alhamis a ƙarshen hunturu na iso na tarar da wani ƙato tsugune a bakin ƙofar, yana auna ta da ma'aunin katako irin mai naɗewa. Kayan kafintoci ne a jikinsa, baƙin wando mai faɗin ƙafa da baƙar falmaran mai fararen maɓallai. Na gane shi, ba don na san shi ba, sai don makonnin baya na sha ganin sa zaune cikin motar aikinsa can ƙarshen layi, yana kallon ƙofar nan har mu tashi.

Na ce, "Wa ya aiko ka?"

Ya ce, "Wucewa nake yi, na ga tana cizo."

"Daga cikin mota ka ga tana cizo? Lallai idonka da kyau."

Ya miƙe yana naɗe ma'aunin, hannunsa na rawa har sai da katakon ya yi ƙara. Na san rawar nan kamar yunwar cikina. Ban yi masa wa'azi ba, don wa'azi bai taɓa shigo da kowa ɗakin nan ba. Cewa na yi, "Tunda ka zo, ɗaga min ita, kafaɗata ta gaji. Akwai gahawa a ciki, ba daɗi gare ta ba amma da zafinta."

Ya ɗaga ƙofar da hannu ɗaya, ya shiga. Ya zaɓi kujerar da ta fi kusa da hanyar fita, ya zauna a gefenta kamar mai jiran a kira sunansa a asibiti.

Mu takwas ne ko tara a ranar. Da zagaye ya zo kansa ya ce sunansa Hinnerk, muka ce masa barka da zuwa, aka wuce. Daga baya, muna wanke kofuna, ya gaya min yadda ya same mu. A waya ya duba, ya ga akwai taro a ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu, ya tsallake. Ya ga wani a garin da yake sayen katako, ya tsallake. Ya yi ta tsallakewa har ya iso namu, mai nisan da ya tabbata ba wanda ya san fuskarsa.

Momme, tsohon masunci da ya riga kowa daɗewa a cikinmu, yana jin haka ya leƙa ta ƙaramar taga ya dawo yana dariya har da tari.

"To ai fuskar ce ba mu sani ba. Amma ga shi can a jikin mota, baƙaƙe kowanne ya kai tsawon hannuna: Ketelsen, kafinta, har da lambar waya. Ɗan'uwa, kai ne mutum na farko da ya zo ɓuya da allon talla."

Kunnuwan Hinnerk suka yi jajir. Na harari Momme, amma a raina na gode masa, don a nan ne na fara ganin haƙoran mutumin. Mako na gaba ya ajiye motar a bayan kanti, ya tako da ƙafa cikin ruwan sama. Ya zo da kayan aiki kuma, ya cire ƙofar ya kankare ƙasanta, ya mayar. Momme ya ce an cuce shi, da ƙarar ƙofar yake gane masu makara.

Ya daɗe yana zuwa bai ce komai ba ban da sunansa. Mu ba ma matsa wa mutum. Akwai masu zuwa su zazzage cikinsu a ranar farko, ba ka sake ganin su ba. Akwai masu zama kamar buhu har bazara. Na fi yarda da buhunan. Sai da ganye ya fara fitowa a itatuwa sannan wata rana ya gyara murya, yana kallon tafin hannunsa, ya ce yana da 'ya.

Levke sunanta, ita kaɗai gare shi, uwarta ta rasu. Ya ce duk tsawon ƙuruciyarta yana da wata kwalbar ruwa da ba ta rabuwa da shi, a mota, a wurin aiki, a kan teburin cin abinci. Korn yake zubawa a ciki. Kun san Korn ɗinmu, barasar hatsi fara tas, ido ba ya bambanta ta da ruwa. In yarinyar ta tambaya, sai ya ce ruwa ne. Tun ba ta kai tsawon tebur ba ta koyi shinshina kwalba. Har ta girma ba ta daina ba: duk kofin da ya ajiye, sai ta ɗauka ta kai hanci, ba ta ma sanin ta yi.

Ya ce, "Yanzu tana da ciki. Ita da mijinta Torben suna gina gida a bakin ƙauyenmu, ni nake ɗora musu katakon rufi. Mijin ne ya roƙe ta ta bar ni in yi aikin. Ta yarda, amma ta ce in ta gan ni da ɗigo ɗaya na giya a filin nan, ba zan taka gidan ba har abada, kuma ɗanta ba zai san warin da ita ta tashi da shi ba."

Wata a cikinmu ta ce, "Ta san kana zuwa nan?"

Ya girgiza kai. "Na ce mata na daina ya fi a ƙirga. Yanzu in na buɗe baki, tun kafin in faɗa sai in ga fuskarta ta rufe. Gara ta gani da idonta."

Ba wanda ya musa masa. Ni ma ina da ɗa a birnin Hamburg da sai Kirsimeti yake kira na, ya yi minti kaɗan ya ce ana jiransa. Na san yadda maganar mutum ke ƙarewa a bakinsa tun yana da rai.

Da rani ya shigo, Hinnerk ya yi kyau. Rawar hannu ta tafi, ya fara cin biskit kamar mai ramuwa, har ya karɓi aikin jera kujeru. Sai wata Alhamis ya zo da fuska a murtuke, ya ce katakon rufi ya kusa tsayawa, an sa ranar bikin ɗora rufi.

Kowa a ɗakin ya gane inda gizo ke saƙar. Ranar da aka gama kafa katakon rufi, ana rataya kambin ganye mai ƙyallaye masu launi a ƙololuwa, a tara dangi da maƙwabta da ma'aikata. Babban kafinta ya hau can sama ya yi jawabin sa albarka, ya sha Korn a ƙaramin kofin gilashi sau uku: ɗaya don masu gida, ɗaya don maginan da suka yi bango, ɗaya don sana'ar kafinta. Sannan ya jefo kofin ƙasa. In ya fashe, gidan ya yi goshi.

"Levke ta ce in bar abokin aikina Fiete ya hau," in ji Hinnerk. "Fiete! Wanda in zai yi gaisuwa sai ya yi in'ina. Kakana bai taɓa barin wani ya tsaya a kan rufin da ya kafa ba, ubana bai taɓa ba. Sai ni, kuma a rufin 'yata? Duk ƙauye zai tambayi dalili."

Momme ya ce, "To me ka yanke?"

Ashe ya riga ya yanke. Zai zo da kwalbarsa ta Korn, mai takardarta da komai, amma cike da ruwan famfo. Ya hau, ya yi jawabi, ya sha sau uku, ya ɓata fuska kamar ta ƙone masa maƙogwaro, ya jefo kofi. Al'ada ta cika, shi bai sha ba, ba wanda ya san komai.

Momme ya buga cinya ya ce wannan dabara ce, shi ma da ruwan tuffa ya yi bikin jikarsa. Wasu suka gyaɗa kai. Ni kuwa raina ya ɓaci, kuma ni ba na iya ɓoye ɓacin rai.

Na ce, "Hinnerk, shekara nawa kana zuba Korn a kwalbar ruwa kana cewa ruwa ne? Yanzu kuma za ka zuba ruwa a kwalbar Korn ka ce Korn ne. Kwalbar kawai ka sauya."

"Ai ba sha zan yi ba."

"Na ji. Amma me zai hana ka hau da ruwanka ka ce ruwa ne?"

Ya dube ni kamar na ce ya hau tsirara. Kuma na san dalili, don ni ma 'yar yankin nan ce. A wurinmu mutum zai iya sha har ya faɗi a kwata, a ce wane ya ji daɗin biki. Ranar da ya ture kofi ya ce ya daina, ranar ake kiransa mashayi. Daga nan sai a fara tunanin ko ya dace a ba shi rufin gida.

Ya ce, "Da sunana nake cin abinci, Gesche."

"To ka ci. Amma ka gaya wa Levke kafin ranar. Ita kaɗai. Ka ji ni ko?"

Ya ce ya ji. A taronmu ba a ba da umarni, kowa abin da ya faru da shi yake faɗa, wanda zai ɗauka ya ɗauka. Na san na ɗan wuce iyaka, Momme ma ya gaya min haka a hanya. Kafin mu rabu Hinnerk ya roƙe mu ni da Momme mu zo bikin. Ya ce in ya duba ƙasa ya ga fuska biyu da suka san abin da ke cikin kwalbar, ƙafarsa za ta fi tsayawa. In an tambaye mu, mu ce mu ne masu ƙofar da ya gyara. Wannan kam ba ƙarya ba ce.

Ranar bikin Juma'a ce da la'asar, rana ta fito, iskar teku na kaɗa ƙyallayen kambin. Gidan na tsaye a ƙarshen ƙauye, jan bulo a ƙasa, sabon katako fari a sama yana ƙamshi. Aikin ya yi kyau, ko ni da ban san kan katako ba na ga haka. An jera dogayen tebura a cikin ɗakin da ba shi da taga tukuna, ga tukunyar romon wake, ga burodi, ga akwatunan giya a jibge a inuwa. Ni da Momme muka ɗauki lemo muka raɓe a gefe.

Na tare Hinnerk a gindin tsani. Ya sha wanka, ya sa baƙar hula mai faɗin baki, kwalbar na leƙowa daga aljihun rigarsa.

Na ce a hankali, "Ka gaya mata?"

Ya gyara hularsa. "Na je jiya. Tana ta fama da lissafin baƙi, ba ta ko zauna ba. Da safe kuma surukanta sun cika gidan."

"Hinnerk."

"Zan yi mata bayani da na sauko. Minti nawa ne?"

Ya kama tsani ya hau. Da na san zagin da ya dace da kafinta, da na yi masa shi a wurin.

Ban sha wuyar gane Levke ba. Doguwa ce kamar ubanta, cikin ya fito sosai, tana tsaye da hannu ɗaya a ƙugu. Ta ɗaga kai tana jiran ta ga Fiete, sai ta ga ubanta yana takawa a kan katako har ƙololuwa. Na ga ta juya ta kalli mijinta, shi kuma ya ɗaga kafaɗa. Ban san abin da ya ja ni ba, na matsa har na tsaya kusa da ita.

Jawabin ya yi daɗi, ba zan hana shi ba. Muryarsa ta cika filin. Ya roƙa wa gidan tsari daga wuta da guguwa da ambaliya, ya tsokani magina cewa bangonsu ya karkace sai da katako ya rufa musu asiri, aka yi dariya. Ya ce yana fatan ɗakin sama ya cika da kukan jarirai. A nan har Levke ta ɗan yi murmushi. Sai ya zaro kwalbar, ya ɗaga ta kowa ya ga takardarta, ya cika kofi.

"Na farko, don masu gida!"

Ya kafa kai ya shanye, ya yamutsa fuska, ya yi ajiyar zuciya mai ƙarfi. Wallahi ya iya, don ya daɗe yana yin na gaske. Jama'a suka yi shewa. Wani mai jan wuya a bayanmu ya ɗaga murya ya ce, "Ka ga Ketelsen na asali! Wa ya ce ya yi sanyi?"

Levke ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da ya fi min sauƙi. Fuskarta ce kawai ta rufe, yadda ya taɓa siffanta mana. Ta ajiye kofin lemonta a kan bulo a hankali, ta ce wa mijinta, "Ba ni makullin mota." Torben ya fara cewa ai al'ada ce, kofi uku ne kawai, ta ce, "Makullin, Torben."

Ni ina tsaye, kafaɗata na kusan taɓa tata, kuma na san abin da ke cikin kwalbar. Kalma biyu za su isa. Amma abin da aka faɗa a ɗakinmu a ɗakinmu yake kwana. A kan wannan kaɗai mutane ke yarda su shigo. In na buɗe baki na ce ruwa ne, za ta ce wace ce ke, ina kika sani, kuma amsar ba tawa ba ce da zan bayar. Na dubi Momme, na ga ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ban taɓa jin nauyin dokar nan kamar ranar ba, har na ji na tsane ta. Abin da na iya yi kawai, na ɗaga kai na kafe Hinnerk da ido, na nuna masa bayan 'yarsa da haɓa.

Yana cikin cika kofi na biyu ya gani. Tana ratsa mutane, tana tafiya irin ta mai ciki, ta nufi inda aka ajiye motoci. Hannunsa ya tsaya. Ruwan ya cika kofin ya zubo a kan katako.

Ya kira, "Levke!"

Ba ta juyo ba.

"Levke, ruwan famfo ne!"

Filin ya yi tsit, sai ƙyallaye da ke kaɗawa. Wani ya yi 'yar dariya yana zaton wasa ne, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye. Levke ta tsaya, ta juyo, ta sa hannu ta kare rana daga idonta. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Baba, tun ina yarinya kake ce min ruwa ne."

Na ga maganar ta same shi har sai da ya dafa katako. Na ji tsoro, don wurin da nisa daga ƙasa. Ya ajiye kofin, ya sa kwalbar a aljihu, ya sauko. Babban kafinta ba ya saukowa a tsakiyar jawabi, tsofaffin wurin har suna kallon juna. Mutane suka dare masa hanya. Ya je gabanta ya miƙa mata kwalbar.

Ta karɓa ta kai hanci. Ba ta yi shawara ba, hannun ne ya yi abin da ya saba. Ta shinshina, ta ɗago, ta sake shinshinawa. Sannan ta ɗiga kaɗan a bayan hannunta ta lasa.

Ta ce, "Tun yaushe?"

"Tun ƙarshen hunturu."

"Kai kaɗai?"

Ya waiwaya. Duk ƙauyen na nan, magina, maƙwabta, surukai, da mutanen da watakila za su so rufi baɗi. Idonsa ya wuce ta kaina da Momme bai tsaya ba, kuma na yaba masa da hakan. Ya cire hular.

"A'a. Akwai wani taro da nake zuwa duk Alhamis, na masu irin ciwona. Ni mashayi ne, Levke. Ke kin sani, su ma duk sun sani, ni ne dai ban taɓa faɗa ba."

Ba wanda ya yi tari. Mai jan wuyan nan ya dubi kwalbar giyar da ke hannunsa kamar bai san yadda aka yi ta zo nan ba.

Levke ta ce, "Me ya hana ka gaya min?"

"Sau nawa na gaya miki na daina?"

Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani. Na zaci za ta rungume shi, har na fara laluben hankici. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon kwalbar, sannan ta mayar masa da ita.

"Saura kofi biyu," ta ce. "Ka hau ka ƙarasa min rufina. Amma ka cire takardar nan."

Ya sa farce ya kankare takardar Korn ɗin a gaban kowa, ta ƙi fita gaba ɗaya, ya bar ta haka rabi da rabi. Ya sake hawa. Wannan karon muryarsa ba ta cika filin ba, sai da muka kasa kunne. Ya ce na biyu don magina, kuma ruwa ne. Ya ce na uku don sana'ar da ya gada, wadda ya kusa zubarwa, shi ma ruwa ne. Ya sha bai yamutsa fuska ba, ya jefo kofin a kan tarin bulo ya tarwatse. Tafin bai kai na farko ƙarfi ba. Wasu sun tafa da gaske, wasu don kunya, wasu kuma sun riga sun juya wajen romon wake. Wata tsohuwa kusa da ni ta ce ita dai ba ta taɓa ganin an sa wa gida albarka da ruwan famfo ba, Allah ya sa ya ɗauka. Momme ya ce mata, "Ai kofin ya fashe, Inna, shi bai san bambanci ba."

Ba mu daɗe ba muka kama hanya. Muna wucewa ta bayan gidan na hango Hinnerk da Levke zaune a kan tarin katako, da ɗan rata a tsakaninsu, kowa da kwanon romo a cinya. Ba su gan mu ba, mu ma ba mu tsaya ba.

Alhamis ta gaba na iso da makullina na tarar da motar a ƙofar coci, daidai bakin matakala, sunan Ketelsen na kallon titi. Ya riga ni zuwa, yana zaune a kan matakala. Na ce masa ya toshe wa masu keke hanya, ya ce su zagaya.

A zagaye ya ba da labari, duk da ni da Momme mun gani. Ya ce wani da ya yi masa maganar rufin rumbu ya bugo waya ya ce ya fasa, bai faɗi dalili ba. Ya ce abin ya yi masa ciwo, kuma daren ranar ya ji ƙishin giyar da ya daɗe bai ji ba, har sai da ya kira Momme suka yi ta hirar kifi. Sannan ya ce Levke ta gayyace shi cin abinci ranar Lahadi a gidan hayarsu, karo na farko tun rasuwar uwarta.

Momme ya ce, "To, ta yafe ke nan?"

"Ban sani ba. Ta dafa kifi da dankali. Na tashi wanke hannu, da na dawo na same ta da kofina a hanci." Ya juya kofin gahawarsa. "Ta ji kunya, ta ce in yi haƙuri, ba ta san ranar da za ta daina ba."

Na ce, "Kai me ka ce mata?"

"Na ce kada ta daina. Na tura mata kofin gabanta, na ce duk ranar da na zo ta fara da shi."